Daga Kofin Gishiri Zuwa Bokitin Kanwa: Jagoran Warware Sinadari Da Lantarki

Yuriya da kamfa a shago ɗaya ake sayensu, a gona ɗaya ake zuba su, kuma duk manomin da ke tsakanin Dawakin Tofa da Ɗambatta ya san ruwan sama ne ke narkar da su ya kai wa saiwar dawa. Amma ka jiƙa kowanne a kofinsa, ka tsoma wayoyi biyu da suka fito daga batir. Ruwan kamfa zai kunna ƙwan tocila, har ka ga kumfa tana tasowa a bakin wayoyin. Ruwan yuriya kuwa ko gezau. Haka gishiri da sukari. Duka farare ne, duka suna narkewa, amma lantarki yana ratsa ruwan gishiri ya warware shi, na sukari kuwa ko kwano guda ka juye a ciki ba zai bi ba. Kama da wane ba ta wane.

Wannan warwarewa ita ce ɗalibai ke haddacewa da sunan ilektirolisis, tana kuma cikin manhajar WAEC da NECO. Makarantar da ta yi sa'a, irin ta kimiyya da ke Dawakin Tofa wadda aka buɗe a 1977, tana da ɗakin gwaji. A yawancin sakandaren ƙauye kuwa, malam a allo yake zana kofi da sanduna biyu, yara su kwafa, a tashi. A ganina babu darasin da aka zalunta kamar wannan, domin kayansa kaf suna cikin gidan manomi: gishiri, kanwa, toka, taki, zoɓo, mataccen batir. Kuma amfaninsa bai tsaya a takardar jarrabawa ba. Wanda ya gane shi ya san abin da ke ƙafar da ruwan batirin sola, ya kuma iya raba notin garmar shanu da tsatsar da ta kama shi ba tare da guduma ba.

Sharuɗɗa biyu

Ba narkewa ce ke yanke hukunci ba, ba kuma ɗanɗano ba. Sinadari ba ya warwaruwa da lantarki sai a cikinsa akwai ƙwayoyi masu ɗauke da caji, waɗanda ake kira ayon, sannan ƙwayoyin nan su samu sakewar tafiya.

Gishirin miya haɗin abu biyu ne, sodiyam da kulorin. Wajen haɗuwarsu sodiyam ya sallama ilektiron guda, kulorin ya karɓe, sai ɗaya ya zama mai cajin tarawa (+), ɗaya mai cajin ɗebewa (−). Sharaɗi na farko ya cika ke nan. Amma ka cusa wayoyi a busasshen gishiri, ba abin da zai faru, don a cikin ƙwayar gishiri ayon ɗin nan kamar shanu suke a turke: ƙarfi akwai, tafiya babu. Ruwa ne ke kwance su. In ba ruwa, sai wuta mai tsanani, domin gishiri ba ya narkewa da zafi sai ya kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar an kwance su, masu cajin tarawa sai su nufi sandan da ke haɗe da gindin batir, wato katod, masu cajin ɗebewa su nufi na kan batir, wato anod. A jikin sandunan nan biyu ake bayarwa da karɓar ilektiron, a nan sabon abu ke fitowa.

Sukari da yuriya ba haka aka gina su ba. Sinadaran da ke cikinsu tarayya suka yi a kan ilektiron, babu wanda ya sallama, babu wanda ya karɓe. In sun narke, kowace ƙwaya takan shiga ruwa a dunƙulenta, ba ta da caji, don haka babu sandan da ke kiranta. Danginsu su ne man gyaɗa, kananzir, fetur, sifirit, kitse da kyandir. Ko ka narka kyandir ya zama ruwa tsululu, lantarki ba ya bi ta cikinsa.

Ƙarfe kuma ta wata fuskar yake ruɗar yara. Ƙusa da cokali da wayar jan ƙarfe lantarki na ratsa su fiye da kowane ruwa, amma ba ya warware su. Wayar da ta shekara biyar tana kai wuta daga farantin sola zuwa batir tana nan jan ƙarfenta kamar ranar da aka saye ta, domin a cikin ƙarfe ilektiron ne kaɗai ke gudu, jikin ƙarfen yana zaune. Saboda haka wucewar wuta kaɗai ba shaida ba ce. Shaidar ita ce sabon abu ya bayyana a jikin sanda: iska, wari, canjin launi ko wani ƙarfe da ya kwanta.

Haɗa magwaji

Nemi batura huɗu na rediyo masu bolt 1.5, ka jera su kai da gindi, ka naɗe cikin kwali ka ɗaure da roba, yadda ake yi in gidan batirin rediyo ya lalace. Sun ba ka bolt 6. Ciro ƙaramin ƙwai guda daga matacciyar tocila 'yar Caina. Sai wayoyi uku, da gindin robobin lemo da ka yanka suka zama kofuna, don ka riƙa ganin ciki.

Sandunan da za su shiga ruwa su ne wurin da ake yawan kuskure. Ƙusa ko waya tsirara ba za ta yi ba, saboda wadda ke gefen kan batir za ta riƙa cinyewa, ruwan ya yi kore ko ja, ka kasa gane wane canji ne na sinadarin da kake gwadawa, wane ne na ƙusar. Gawayi ake so. Mafi sauƙi shi ne fensir biyu da aka fiƙe kowanne ta kai biyu: ka naɗa waya a tsinin sama, na ƙasa ya shiga ruwa. Mafi ƙwari kuma shi ne baƙin sandan da ke tsakiyar mataccen batirin rediyo na gargajiya. A zare shi da filaya, a wanke, a kuma wanke hannu da sabulu, don baƙin garin da ke kewaye da shi ba na kai wa baki ba ne. Batirin waya, na fawa-banki da duk wanda ake yi wa caji, kada a kuskura a fasa shi: yana kamawa da wuta.

Waya ta farko daga kan batir zuwa ƙafa ɗaya ta ƙwan, ta biyu daga ɗaya ƙafar zuwa fensir na farko, ta uku daga gindin batir zuwa fensir na biyu. Ka huda guntun kwali ka soka fensiran, tsakaninsu kamar faɗin yatsa biyu, don tazarar ta zama ɗaya a kowane kofi, kuma kada tsininsu su haɗu ƙwan ya ƙone. Fara da ruwan gishiri. In ƙwan bai kama ba, juya ƙafafunsa. Irin wannan ƙwai ta hanya ɗaya kawai yake karɓar wuta.

Magana ɗaya kuma ba sassauci a cikinta: wutar NEPA, ta janareto da ta inbata ba sa shiga wannan aiki. Bolt 230 a cikin ruwan gishiri ajali ne. Ko ba don haka ba ma, irin wannan wuta tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, sandan da yake katod yanzu shi ne anod kafin ƙiftawar ido, ba abin da zai rabu da wani.

Ruwan da za ka jiƙa kayan gwajin da shi yana iya ɓata maka komai. Tataccen ruwa da ƙyar yake ɗaukar lantarki, domin a cikinsa ƙwaya ɗaya ce tak a cikin sama da miliyan 500 take rabuwa ta zama ayon. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa sun kwaso gishire-gishiren ƙasa, za su ɗan kunna ƙwan tun ba ka zuba komai ba, mai zartsi ma ya kunna shi sosai. In ka jiƙa sukari da irin wannan ruwa ka ga haske, sai ka ɗora wa sukari abin da bai yi ba. Sayi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ka tabbatar ba mai asid ba ne, ko ka tari ruwan sama a tsakar gida da roba mai tsabta bayan damina ta zauna, ba na indararo ba. Ka ajiye kofi ɗaya na ruwan zalla a gefe, shi ne ma'auninka, ka kuma ɗauraye fensiran duk lokacin da za ka sauya kofi. A nan sai in ja kunne: hasken ƙwai ko rashinsa ba ya nuna ruwa ya dace da sha. Ƙwayar cutar kwalara ba ta kunna fitila.

Yanzu sai gwaji, a zaure ko a inuwa inda za ka iya bambance haske mai ƙarfi da mai rauni. Gishiri, kanwa, alimun da ruwan tokar da mata ke tatsa daga tokar kara duk za su kunna ƙwan tar. Ruwan lemun tsami da na tsamiya za su kunna, amma ba su kai waɗancan ba, kumfarsu ma jefi-jefi. Su asid ne masu rauni: a bushe ba su da ayon, ruwa ne ke tsaga su, kuma kaɗan daga cikinsu yake iya tsagawa. Asid ɗin batir shi ruwa na tsaga shi sosai, shi ya sa yake ɗaukar wuta haka, amma bar shi a cikin batirinsa. Yana cin fata da tufa, gwajin nan kuma ba ya bukatarsa. Dakakken ɓawon ƙwai zai kwanta a gindin kofi, ƙwan tocila ya ƙi motsi. Ɓawon yana da ayon, amma ruwa ba ya kwance su, wuta ma ba ta narka shi, sai dai ta ƙone shi ya koma farar ƙasa. Ya cika sharaɗi na farko, ya faɗi a na biyu. Mazarƙwaila da ruwan rake za su ɗan yi haske, kada su ruɗe ka. Gishirin da raken ya sha daga ƙasa ne, ba zaƙin ba. Haka ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa: gishirin ne ke kunna ƙwai. Gumin jikinka ma ruwan gishiri ne, shi ya sa wuta ta fi jan mai jiƙaƙƙen hannu.

Gwajin da na fi so shi ne na tafin kamfa guda. Irin kamfar nan 20:10:10 da ake gaurayawa a masana'antun cikin gida, wadda ta yawaita tun da gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniyar taki da Maroko a 2016, haɗin abu huɗu ce, kuma ido na iya raba su. Baza ta a faranti ka tsince. Fararen ƙwayoyi masu santsi yuriya ce. Masu ja-ja galibi fotash ne. Masu duhu-duhu na fosfet ne. Sai tsakuwar farar ƙasa da ake cike buhu da ita. Ka ɗauraye kowane kashi sama-sama don ƙurar 'yan'uwansa ta fita, ka jiƙa daban-daban. Fotash da fosfet za su kunna ƙwai. Yuriya ta narke tas, kofin ya yi sanyi a hannu, amma haske bai wuce na ruwan zalla ba. Tsakuwar kuwa ta ƙi narkewa. Darasin gaba ɗaya ga shi a tafi guda, kuma yaron da ya tsince ƙwayoyin nan da hannunsa ba ya bukatar hadda.

Me ke fitowa?

Cire ƙwan ka haɗa wayar kai tsaye, ka fita tsakar gida. Dama gishiri mai kauri, ka ɗiga ruwan zoɓo maras sukari har ya yi ja-ja kaɗan, ka tsoma fensiran. Cikin 'yan mintuna kewayen fensirin gindin batir zai fara rikiɗa zuwa kore mai duhu, irin rikiɗar da zoɓo ke yi in kanwa ta taɓa shi. Kewayen na kan batir kuwa jan zai koɗe, ka ji wari irin na Hypo. A katod iskar haidirojin ce ke tashi tana barin sodar kostik a ruwa. A anod kulorin ne. Minti biyar sun isa, kada kuma a kai hanci bakin kofi.

Da wannan hanya masana'antu ke samar da sodar da masu haɗa sabulu ke saye, da kulorin da ake tace ruwan famfo. Wata gidauniya ta ƙasar Suwizalan mai suna Antenna ta ƙera ƙaramar na'ura, WATA, da ke mayar da lita ɗaya ta ruwa da giram 25 na gishiri zuwa ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ana kuma amfani da ita a ƙasashe irin su Gini da Burkina Faso. Na kofinka dai ba na zubawa a randa ba ne, tunda ba ka san ƙarfinsa ba.

Mai lura zai tambaya: ina sodiyam ɗin? Ya iso katod, amma ruwa ya fi shi saurin karɓar ilektiron, don haka haidirojin ke fita, shi ya zauna. Jan ƙarfe, azurfa da zinariya su kuma sun fi ruwa saurin karɓa, shi ya sa suke kwanciya a jikin sanda. Ta haka ake yi wa 'yan kunne da sarƙoƙi masu araha ruwan gwal. A ruwan kanwa ma ba kanwar ce ke warwaruwa ba. Ita hanya kawai take buɗe wa wuta, ruwan ne ke rabuwa: haidirojin kashi biyu a katod, oksijin kashi ɗaya a anod. In ka kifa sirinji biyu cike da ruwa a kan sandunan za ka ga na haidirojin ya fi saurin cika, har ma ya zarce ninki biyu, don oksijin na narkewa a ruwa, wani kuma ya ci gawayin.

Wannan gardama ta ruwa ita ta sha kan masanin kimiyya Humphry Davy a Landan. William Nicholson da Anthony Carlisle sun riga sun raba ruwa da lantarki tun 1800, shekarar da Alessandro Volta ya bayyana batirinsa. Davy yana son ganin abin da ke ɓoye a cikin sinadarin toka, amma duk lokacin da ya jiƙa shi, haidirojin da oksijin yake samu. A Oktoban 1807 ya bar jiƙawa, ya sakar wa sinadarin wuta har ya narke, sai ga ƙananan dunƙulen ƙarfe masu sheƙi suna fitowa, wasu suna kamawa da wuta. Fotasiyam ke nan, ɗan tokar murhu. Bayan 'yan kwanaki ya fitar da sodiyam. Alminiyam ma sai ta narkarwa: a 1886 Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a gefensa, suka gano a zuba garin ma'adininsa cikin wani narkakken gishiri mai zafin kusan digiri 950 a saki wuta. Kilo ɗaya na cin kilowat-awa 13 zuwa 15, shi ya sa masana'antar ALSCON da ta fara aiki a 1997 aka kafa ta a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom, kusa da iskar gas. Masu zuba tukwane da gwangwanin lemo a kasuwanninmu ba sa yin alminiyam, narka wanda lantarki ya riga ya fitar suke yi, shi kuwa digiri 660 ya ishe shi.

Mai shagon cajin waya da mai batirin sola a gida, ga rabonku. In batir mai ruwa ya cika aka ci gaba da ɗura masa wuta, rarar wutar ruwan take warwarewa. Tafasar da kake ji ke nan. Abin da ya fita haidirojin ne da oksijin, asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba. Don haka tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan leda ba, ba na rijiya ba. Kuma iskar da ke fita daga batir mai caji tana fashewa, kada a leƙa raminsa da ashana.

Cire tsatsa da kanwa

Ga inda ilimin ke biyan kuɗinsa. Kanwar da fatake suka daɗe suna kawo wa Kano daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga galibinta sodiyam kabonet ce da 'yar'uwarta baikabonet, kuma wannan shi ne sinadarin da masu gyaran tsofaffin injuna a ƙasashen waje ke saye a kanti don wannan aiki. Mu a ƙwaryar miya muke da shi.

Tun farko a san abin da ya cancanci wahalar. Fartanya da sungumi ba sa bukata. Yini ɗaya a gona ƙasa za ta goge su fes. Aikin na abin da ke da lungu da haƙora ne, inda yashi da buroshi ba sa shiga: notin garmar shanu da ya ƙi kwancewa, sifana da filayar da suka sha damina a rumbu, ƙarafan injin taliya, ƙafar keken ɗinki, mahaɗan bututun ƙarfe na masu noman rani a bakin madatsar Thomas ko Watari. Sharaɗi ɗaya: baƙin ƙarfe kaɗai. Gangar injin ban-ruwa da kafireto alminiyam ne, kanwa na cin su.

Samu bokitin roba, kada ka yi da na ƙarfe. A ruwa lita 10 ka zuba dakakkiyar kanwa cokalin cin abinci huɗu ko biyar, ka bari ta jiƙu, ka tace yashin. A nan ruwan rijiya ya wadatar. In ka samu garin soda irin na masu haɗa sabulun ruwa, cokali uku sun isa kuma ya fi tsabta. Sodar kostik dai a bar ta, tana ƙona hannu ba tare da ta ƙara komai ba. Kada ka ce gishiri ya fi araha. Zai yi aiki, amma zai tayar da kulorin, kuma gishirin da ya maƙale a ƙarfe shi ke kiran sabuwar tsatsa. Ruwan kanwa kuwa ba ya cin lafiyayyen ƙarfe, ko an manta abu a ciki ya kwana.

Nemo ƙarfen juji da za ka sadaukar: guntayen rodi biyu ko uku, ko tsohon faranti na baƙin ƙarfe. Jingina su a kewayen bokitin ta ciki, kawunansu a waje, ka haɗa su da waya ɗaya. Cokali ko kwanon silba irin wanda ba ya tsatsa haramun ne a nan, yana sakin sinadarin kuromiyam mai guba a ruwan. Kwanon rufi da jan ƙarfe ma a bar su. Abin da za ka gyara kuwa, wanke masa maiƙo da omo tukuna, cire ƙota in akwai, ka kankare wuri ɗaya har farin ƙarfe ya fito, ka ɗaura waya a nan tamau. Gitta sanda a bakin bokiti ka rataye shi a tsakiya, ruwa ya rufe shi, kada ya taɓa rodin ko kaɗan.

Wuta mafi dacewa da ƙauye ita ce ƙaramin farantin sola na bolt 12, mai wat 20 zuwa 50, a haɗa shi kai tsaye ba tare da batir ba. Kyansa shi ne ba ya iya ba da wutar da ta wuce ƙarfinsa, ko wayoyi sun haɗu ba abin da zai ƙone. In da batirin babur ko na mota za ka yi, dole ka sa ƙwan fitilar mota a kan layin jar waya. In ƙarafan suka taɓa juna sai ƙwan ya haska kawai, maimakon waya ta narke ko batir ya fashe.

Haɗin shi ne: baƙa ga kayanka, ja ga juji. Wato wayar ɗebewa ga abin da kake gyarawa, ta tarawa ga rodi, kuma mahaɗin jar wayar ya tsaya a saman ruwa, in ba haka ba shi ma zai cinye. In ka juya, kayanka ne za su zama abin sadaukarwa, ka dawo ka tarar rodi na sheƙi, sifana ta rame. In alamun bayan farantin sun goge, duba kumfa: gefen da ya fi tafasa shi ne na ɗebewa.

Cikin minti ɗaya za ka ga ƙananan kumfa sun lulluɓe ƙarfen suna tashi. Bayan awa guda saman ruwan zai yi wata kumfa ja-ja mai kauri, rodin ya fara tara laka. Haidirojin da ke fitowa daga jikin ƙarfen, a ƙarƙashin tsatsar, shi ke ɓamɓaro ta, sauran jar tsatsar kuma ta rikiɗa ta zama baƙin shafi mai laushi. Tsatsa sama-sama awa uku zuwa shida. Mai kauri yini ɗaya ko biyu. Michael Faraday, wanda ya fara a matsayin yaron Davy, shi ya tabbatar a shekarun 1830 cewa yawan abin da lantarki ke warwarewa daidai yake da yawan wutar da ta ratsa. Ma'ana, ƙaramin faranti zai yi aikin babba, lokaci kawai zai ƙara ci, kuma ranar da hazo ya rufe gari sai ka ƙara haƙuri. Fuskar da ke kallon rodi ta fi saurin fita, don haka ka riƙa juya kayan. In kumfa ta ragu, cire wuta ka kankare lakar da ke jikin rodin.

Duk wannan a fili ake yi, nesa da murhu da mai shan taba, kuma ba a rufe bokitin ruf, domin haidirojin da oksijin in sun taru wuri ɗaya tartsatsi guda suke jira. Za ka cire waya, cire ta daga wajen faranti, ba a saman bokiti ba. Sai babbar matsalar gidan ƙauye: awaki da tumaki sun san ɗanɗanon kanwa, za su biyo ta. Kifa kwando mai huji a kai ka ɗora dutse, ka kuma gargaɗi yara.

In ka fito da ƙarfen, baƙi ƙirin za ka gan shi, kada ranka ya ɓaci. Goge shi da soson ƙarfe a cikin ruwa mai kyau, baƙin zai fita ya bar ƙarfe mai ruwan toka. Daga nan sai gaggawa: ƙarfen tsirara yake, kafin ka sha ruwa ka dawo ya fara yin ja. Tsane shi da tsumma, shanya a rana mai zafi, ka shafe shi da baƙin mai. In na abinci ne, kamar injin taliya, da man gyaɗa. Noti kuma ɗiga masa mai ka bari ya kwana kafin ka sa sifana. Abin da tsatsa ta riga ta cinye ba ya dawowa, ramukan za su fito fili, wani lokaci ma sai bayan wanki za ka gane abin na maƙeri ne. Sifirin da wuƙa mai tauri kuma haidirojin na shiga jikinsu ya sa su saurin karyewa, gara a goge su da hannu.

Ruwan bokitin, duk munin da ya yi, bai mutu ba. Kanwar tana nan, ruwa ne kawai ke raguwa, sai ka ƙara ka ci gaba. Ranar da ka gama, haƙa rami nesa da rijiya da turken dabbobi ka juye ka binne. Wanda zai fara, ya fara da noti guda ko tsohuwar sifana. Keken ɗinkin uwargida ya jira sai hannu ya faɗa.